Akuyar Da Ta Ci Masara Sau Talatin Da Ɗaya

Bana ma sama ta yi mana irin halin nata. Ruwa biyu masu kyau aka yi a farkon damina, kowa ya ruga ya zuba iri, sai ta ɗauke ɗif. Yau kwana goma sha tara ke nan ko yayyafi babu. 'Yar masarar da maƙwabcina ya shuka a filin da bai samu ginawa ba ta nannaɗe ganye, ta yi fari-fari. Kullum da la'asar hadari zai haɗo ta wajen Garam, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, a jera bokitai a ƙarƙashin indararo, iska ta zo ta watsa mana ledojin unguwa a tsakar gida, shi ke nan ya baje. A kwashe bokitai a koma neman mai ruwa.

Cikin wannan hali na karɓi aikin da na ba 'yan aji uku. Cewa na yi kowa ya je gonar gidansu, ko ta maƙwabta, ya rubuto mini abin da idonsa ya gani cikin mako uku. Ina zaune ina dubawa, gumi na ɗiga a kan takardu, sai ga wani yaro ya rubuto da Turanci mai santsi, irin wanda ni da na shekara talatin da 'yan kai ina koyarwa ban iya ba, wai manoman unguwarsu sun gama girbin alkama da inji. Alkama! A Kurmin Sarki! Kai, jama'a. Waya ce ta rubuta masa, shi ko karantawa bai yi ba. Na ƙirga irinsa goma sha huɗu, na zana wa kowanne ƙaton sifili da jan biro.

Mataimakin shugaban makaranta, yaron da na tabbata na girmi uwarsa, ya leƙo ofis yana sosa ƙeya. Ya ce, "Mama, don Allah a ɗan sassauta. Iyayen nan fa sun ce ranar Litinin za su zo, kin san su da rigima."

Na ce, "Su zo. A jera musu benci."

Ni za a tsorata da iyaye? Ni da aka kora daga ɗaki ana tsakiyar fari saboda akuya? Yaron nan bai san labarin ba ne.

Shekarar da na fara aiki ce. Daga Kwantagora aka turo ni wata ƙaramar sakandare can bayan Iku, a gefen Suleja, in koyar da aikin gona. Ikun lokacin ba wannan da gidajen haya suka cinye ba ce. Kana fita gari sai kunyoyin doya da gonakin dawa har inda ido ya tsaya. Ban san kowa a Suleja ba, don haka mahaifina ya kawo ni da kansa wurin wani tsohon abokinsa, Alhaji Tanko, manomi mai rumbu huɗu, ya ce masa, "Ga amana." Alhaji ya ba ni ɗaki a cikin gida, ya ce tukunyar Inna, matarsa, ita ce tukunyata. Ya kuma haɗa ni da 'yarsa Rakiya, wadda take aji uku a makarantarmu, ta riƙa taya ni zama. A makaranta Malama take ce mini, a gida Anti. Ni nake mata kitso ranar Asabar, ita take koya mini hanyoyin gari da sunayen masu tsada a kasuwa. Yarinya ce mai kai, ga surutu, ga rubutu kamar an buga da inji. Ina sonta ƙwarai, kada wani ya ce ba na sonta.

A gidan akwai wata jar akuya mai karyayyen ƙahon hagu. Ɓarauniya ce ta gasken gaske, har murfin tukunya takan ture. Duk unguwa an san ta, an gaji da kawo ƙararta. Mako biyu da zuwana, da kaka, matar babban ɗan Alhaji ta haihu. Ranar suna baƙi suka yi yawa, rago bai isa ba, Alhaji ya ce a kamo ja'irar nan. Ni na wanke hanjinta da hannuna, na ci soyenta har na ajiye na gobe. Fatar aka jeme aka shimfiɗa a zaure, a kanta Alhaji yake zama.

Da bazara ta zo ƙarshe muka share gonar makaranta, filin da Alhaji da kansa ya bayar. Muka sassabe, muka tara, muka ƙona. Ruwan farko ya sauko ranar wata Laraba muna aji, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, yara suka kasa zama, ni ma na kasa. Washegari shinge ya cika gari, 'yan ƙanana na bin sa da kwanoni. Bayan ruwa na biyu muka yi huɗa. Yara talatin da takwas, na ba kowa kunya biyu da irin masara, na ce kowa ya sayo littafi ya riƙa rubuta abu uku kullum: kwanan wata, abin da sama ta yi, da abin da kunyarsa ta yi. Na ce a ƙarshen zango zan karɓa in ba da maki. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma a nan na yi kuskurena, amma ban sani ba tukuna.

Masara ta fito kore shar, ta kai tsawon ɗan yatsa, ta kai taƙi. Sai ruwa ya ɗauke.

Kwana ashirin da shida. Ban manta ba don ni ma ina rubutawa a nawa littafin. Makon farko ba wanda ya damu. Mako na biyu ƙasa ta fara tsagewa, in ka taka kunya da rana sai ka ji zafin ya ratso silifas. Rijiyar gidan Alhaji ta ja baya, guga ya koma fitowa da laka. Da asuba, bayan salla, ni da Rakiya da sauran matan gida mu ɗauki bokitai mu gangara kogin Iku, mu tarar da layi, matan Gwari da tulunansu a kafaɗa, matan Ibo da jarkoki, kowa ya yi shiru yana jiran nasa. Ruwan da muka wanke shinkafa shi za a yi wanke-wanke da shi, na wanke-wanke a zuba wa kaji.

Rumbunan Alhaji huɗu ne, amma bakunan da suke ci sun fi ashirin, kuma lokacin rumbu uku sun riga sun zama na ɓera. Inna ta rage mudu. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, da magariba, malmala ƙanana da miyar kuka mai ruwa-ruwa. Da rana sai kwaɗon rama, ko a aika wurin Mama Ngozi, 'yar hayar da take sayar da garin rogo a bakin hanya, a jiƙa a sha ba sukari. Mangwaro ne ya rufa mana asiri a shekarar. Yara su zo makaranta da leɓe rawaya, ka san shi ne karin kumallonsu, wajen sha biyu kuma sai ka ga kai na faɗuwa a kan benci. Ni ma in ina rubutu a allo wani lokaci sai in ga allon yana juyawa, in dafa bango in ce musu alli nake nema.

An fita roƙon ruwa har sau biyu, tsofaffi da yara, da tsofaffin riguna. Ranar Lahadi daga cocin bakin hanya ma abin da muke jiyowa ke nan. Alhaji ya sake shuka dawa, ta ƙone. Irin doyarsa ya dahu a cikin ƙasa. Sai ya koma in ya dawo gona ya zauna a zaure da carbi, a gaishe shi ya amsa da ka.

Gonar makaranta kam ta mutu murus. Yara sukan zo da safe su tsaya su dubi kunyoyinsu su wuce. Mutum ɗaya ce nake tararwa a tsugune, Asabe, 'yar wata bazawara Bagwariya mai sayar da itace. Siririya ce, ba ta magana a aji sai an tilasta mata. Kullum takan zo da ruwa a gwangwanin madara ta raba wa tushe uku da ta zaɓa, sannan ta ɗora littafi a gwiwa ta yi rubutu.

Ana cikin haka takarda ta zo daga ofishin ilimi. An ba makarantarmu gurbi ɗaya a makarantar kimiyya ta 'yan mata, ta kwana, kyauta. A aika sunan yarinya ɗaya tare da littafin aikinta na gona, malamin darasi kuma ya sa hannu a fom cewa aikin nata ne, ita ta yi da kanta. Kwana goma aka bayar. Kowa ya san tsakanin mutum biyu abin yake, Rakiya da Asabe, don su ke karɓe na ɗaya da na biyu. Bambancin kawai, Rakiya in ba ta samu ba akwai babbar sakandare ta jeka-ka-dawo a cikin gari, Alhaji zai kai ta. Asabe kuwa uwarta ta riga ta gaya mini a bakin kogi, itace a kafaɗarta, cewa da an rufe makaranta akwai gidan da aka samo mata a Abuja, za ta je aikatau.

Na ce a kawo littattafai ranar Juma'a. Asabar da hantsi na zauna a gindin mangwaron makaranta na fara da na Rakiya, don shi ne a sama, an yi masa bango da takardar siminti, tsaf. Shafin farko daidai. Na biyu daidai. Sai na iso inda ta rubuta cewa an kwana ana ruwa, da safe kunya ta jiƙe sharkaf, masara ta kai gwiwa. Na duba kwanan watan. Ranar ce ni da ita muka yi sawu uku zuwa kogi har ta yi tuntuɓe ta fasa bokitin Inna. Na ce ko kuskuren kwanan wata ne. Na ci gaba. Masara ta kai ƙugu. An yi noman biyu. An zuba taki. Sai ga wannan: "Yau jar akuya mai karyayyen ƙaho ta shigo gona ta cinye tushe huɗu a kunyata. Na kore ta da dutse."

Na ajiye littafin. Akuyar da na ci?

Na ɗauki na biye. Ruwa, masara ta kai gwiwa, jar akuya mai karyayyen ƙaho, tushe huɗu, dutse. Na biye ma haka. Wani ya ɗan yi dabara ya mai da dutsen sanda. Wata ta mai da huɗu biyar. Amma akuyar tana nan, ƙahon nan a karye, tana bin kunya-kunya tana ci wata bakwai bayan mun lashe romonta. Littafi talatin da ɗaya, sau talatin da ɗaya ta ci masara. Da farko dariya na yi har na riƙe ciki, ni kaɗai a gindin bishiya kamar taɓaɓɓiya. Daga baya raina ya ɓaci, ɓacin da har yunwar na daina ji.

Shida ba su rubuta komai ba sai shafi ɗaya ko biyu. Na Asabe ne na ƙarshe, duk laka, gefensa ya nannaɗe, rubutun kamar kaza ta bi ta kai. "Yau ba ruwa. Ganye ya naɗe." "Yau ba ruwa. Na tona da yatsa har gaɓa biyu, ƙasa a bushe." "Yau ba ruwa. Hadari ya zo ya wuce. Tushe ɗaya cikin ukun ya kwanta." Haka har kusan sau ashirin. A wani wuri ta rubuta cewa tushen da ke kusa da inuwar ɗorawa ya fi sauran jurewa, ta tambayi kanta ko inuwar ce ko ganyen da ya ruɓe a wurin. Ba wanda ya koya mata wannan tambayar.

Ranar Litinin ban ɗauki bulala ba. Na raba wa kowa littafinsa na ce a bi ni gona. Rana ta take, muka tsaya a kan busassun kunyoyi. Na nuna wani dogo da yake bayan layi na ce ya buɗe shafi na tara ya karanta da ƙarfi. Ya karanta cewa masararsa ta kai ƙugu.

Na ce, "Madalla. Nuna mini ita in auna."

Ya dubi ƙasa. Na ce ya ci gaba. Da ya iso wurin akuya na ce duk wanda akuyar nan ta yi wa ɓarna ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Na ce, "A'a, ku ɗaga mana, a biya ku. Ni dai na san inda take, don da ni aka cinye ta." Wasu suka fashe da dariya, dariyar ta mutu da wuri.

Rakiya ce ta yi magana, kanta a sunkuye. Ta ce littafin yayanta ne na bara, wanda malamin da na gada ya ba maki mafi yawa. Ita ta fara kwafa, ƙawarta ta ara, daga nan ya zaga aji. Sun ɗauka tunda ni baƙuwa ce ban taɓa ganin sa ba.

Na ce, "Me ya sa? Ke da za ki iya rubuta wanda ya fi shi ido a rufe?"

Ta ce, "Malama, in muka rubuta masara ta mutu ai mun faɗi."

Wata daga baya ta ce, "Ni babana cewa ya yi ba a rubuta ƙarar sama a takarda. Butulci ne."

Nan jikina ya yi sanyi, don na ga inda laifina yake. Na ce musu, "Wanda Ya riƙe ruwan Ya fi ku sanin bai sauko ba, to wa kuke ɓoye wa? Amma ni ma na yi laifi. Ban gaya muku ba masara nake ba maki ba, ido nake ba maki. Kuma na bar ku wata biyu ban leƙa littafin kowa ba." Na ce duk mai akuya sifili ne, ba ragi. Amma in ruwa ya dawo za mu sake shuka, kowa da irinsa daban, wani wake, wani gyaɗa, wani gero, don in ga yadda mai wake zai kwafi mai gyaɗa. Littafi kuma ba zai ƙara kwana a gidan kowa ba. A gona za a rubuta, a gabana, in sa hannu duk Juma'a, in yi wa mutum tambaya a kan abin da ya rubuta. Wanda ya yi da gaske makinsa zai goge sifilin.

Sai dai fom ba zai jira ruwa ba. Saura kwana huɗu.

Shugaban makaranta, Malam Bawa, ya kira ni ofis. Ya riga ya rubuta sunan Rakiya da fensir. Ya ce, "Malama Hadiza, ke yarinya ce. Wannan ƙazamin littafin za mu aika? A ce gonar makarantarmu ta mutu?"

Na ce, "Ai ta mutu, ranka ya daɗe. Ga ta can."

Ya ce Rakiya ta fi Asabe ƙoƙari a jarrabawa, na ce gaskiya ne, da kaɗan. Ya ce Alhaji ne shugaban iyayen yara, shi ya ba da filin, na ce na sani. Ya turo mini biro. Na karanta masa layin da ke saman wurin sa hannun, inda aka ce na shaida aikin nan ɗalibar ce ta yi da kanta. Na ce, "Wannan layin ne ba zan iya ba. In akwai wani malamin gona a makarantar nan a ba shi." Babu, ya sani. Ya ce to in je in gaya wa Alhaji da bakina, tunda ni ce mai taurin kai.

Da la'asar na same shi a zaure. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaishe shi. Ya ce, "Hadiza, na ji wata magana daga makaranta. Na ce ƙarya ne, 'yar gida ba ta yi wa gida haka."

Na ce, "Baba, ka ba ni izini in karanta maka abin da ke cikin littafin."

Alhaji bai yi boko ba, amma ba wanda zai gaya masa ranar da aka yi ruwa a gonarsa. Na karanta masa ruwan da aka kwana ana yi. Na karanta masarar da ta kai ƙugu. Carbin ya tsaya a hannunsa. Da na karanta jar akuya mai karyayyen ƙaho, sai ya sunkuyar da kai ya dubi fatar da yake zaune a kai, ya daɗe yana kallon ta.

Ya ce, "Na ji. Ƙarya ce, kuma zan yi maganinta a cikin gida. Amma ke, a shekarar da nake auna wa 'ya'yana tuwo, na taɓa rage naki?"

Wallahi bai taɓa ba. Sau nawa na ga malmalata ta fi ta Rakiya girma. Na ji hawaye na zuwa, na danne. Na ce, "Baba, tuwonka na ci, ba zan musa ba har in mutu. In ka ce in yi maka noma shekara goma zan yi. Amma hannuna ba zan sa ba."

Ya ce, "Saboda 'yar mai itace."

Na ce, "Ko da babu ita, Baba."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce gidan da na kunyata a gaban yara talatin ba zan ci gaba da zama a cikinsa ba, gobe in nemi wuri, shi zai aika wa mahaifina. Na ce na gode, Allah Ya saka da alheri. Na tashi, amma ban ba da haƙuri ba, don ban ga abin da zan ba da haƙuri a kai ba.

Da safe Inna tana kuka ta ƙulla mini dawa mudu biyu a tsumma, daga wannan rumbun da ya rage, ta tura cikin jakata. Rakiya ce ta ninke mini zannuwa. Idonta ya kumbura. Ta ce, "Anti, da kin yi shiru wa zai sani?"

Na ce, "Mutum talatin da ɗaya sun sani. Ke ma kin sani. Haka za ki je can ki zauna shekara uku a kan gadon wata."

Ta ajiye mini zannuwan ta fita. Daga ranar ta daina ce mini Anti.

Sito na koma, na makaranta, inda muke ajiye fartanyoyi da buhunan taki. Mama Ngozi ta ara mini tabarma da risho, tana cewa, "Tica, wannan kai naka ya yi ƙarfi da yawa." Na goge fensir ɗin Malam Bawa na rubuta Asabe da biro, na sa hannu. Ya buga hatimi kamar zai fasa tebur, don in bai buga ba gurbin ma gaba ɗaya zai wuce mu. Aka aika fom da ƙazamin littafin, lakar da komai.

Kwana uku bayan haka ruwa ya dawo, da rana tsaka, da ƙarfinsa. Kwanon siton duk huji ne, na rasa inda zan ja tabarma, na tsaya a tsakiya ruwa na zuba a kaina ina dariya. Warin taki ya kama kayana har ƙarshen damina, in na shiga aji sai yara su toshe hanci a ɓoye. Ban damu ba. Muka sake huɗa, muka shuka wake da gyaɗa da gero. Kowace safiya yara talatin da takwas a tsugune a kan kunya, littafi a gwiwa, ina bi ina leƙawa. Abin da suka rubuta ba shi da kyan gani, amma ba biyu da suka zo ɗaya.

Littafin da ya fi na kowa a karo na biyu na Rakiya ne. Gyaɗa ta samu, ta bi ta tun daga tsiro har fure ya sunkuya ya shiga ƙasa, ta zana shi. Na ba ta maki mafi yawa, na kuma san da tun farko haka ta yi, da wataƙila sunanta ne a fom. Ta karɓa ta ce, "Na gode, Malama." Asabe kuwa an kira ta. Na raka su tasha, uwarta ta ɗauko akwatin ƙarfe a kafaɗa yadda take ɗaukar itace, ta ƙi yarda kowa ya taya ta.

Alhaji bai sake kira na ba, ni ma ban koma ba sai ranar da na je gaisuwar rasuwarsa. Ni da Rakiya gari ɗaya muka ci gaba da zama. Ta yi karatunta, ta yi aure, mukan haɗu a biki ko asibiti ta ce, "Ina wuni, Malama," in ce lafiya lau, kowa ya wuce. Shekara talatin da 'yan kai haka. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba, amma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba.

Jiya Litinin iyayen suka zo, an jera musu benci kamar yadda na ce. Wani ya ce shi ya saya wa ɗansa waya don karatu, wata ta ce ai zamani ne ya canza, ni ce na tsufa. Na ce na tsufa kam, amma har yanzu ba a noma alkama a Kurmin Sarki. Muna cikin haka wata mata mai jan mayafi ta taso daga bencin baya, ta janyo wani yaro da hannu. Rakiya ce. Ban taɓa sanin mai alkamar nan autanta ne ba.

Ta ce, "Malama, har yanzu kina nan da halinki."

Na ce, "Ina nan."

Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta sa tabarau ta karanta a tsaye. Da ta iso wurin injin girbi sai kafaɗunta suka fara rawa, ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido da bakin mayafi. Ta dubi yaron ta ce, "Kai, ka ji kunya. Mu ko ba komai akuyarmu ta gida ce."

Ta ajiye takardar a gabana ta danna ta da yatsa. Ta ce, "Bar masa sifilinsa, Anti. In akwai fartanya a ba shi."

Na buɗe durowa ina neman makullin sito, alhali yana hannuna.

Har yanzu ruwan bai sauko ba. Amma yau da safe na raba kunya goma sha huɗu a bayan aji, kowa da littafinsa a gwiwa. Na leƙa na autan Rakiya, ya rubuta kwanan wata, a ƙasa ya sa, "Yau ba ruwa." Na sa masa hannu.